Zaman Shiru a Ɗakin Dogo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Yabo ya tabbata ga Wanda Ya halicci mutane jinsi-jinsi domin su san juna.

Zuwa ga ɗana Abdurrahman a ƙasar Japan. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, karatun noman shinkafa kuma yana tafiya daidai. Mahaifiyarka tana tambaya ko sanyi ya yi sauƙi.

Maƙwabcinmu Dogo, wanda gonarsa da tawa suke shan ruwa daga magudana ɗaya a Kadawa, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, harshensa ya ɗaure. 'Yarsa Godiya ta shaida mini yana ƙin abinci, domin ba ya son a gan shi ana ba shi a baki. Mutanen cocinsu sun zo, ya juya musu baya. Ni ma na je na yi ta magana kamar ina kan mumbari, har na lura kowace tambaya tawa kunya take ƙara masa, tun da ba shi da ikon amsawa. Yana ramewa ƙwarai. Ka sa shi a addu'a.

Mahaifinka,
Malam Hammadu

Ɗana Abdurrahman, aminci ya tabbata gare ka. Yaya karatu da ɗawainiya?

Ka tuna kwamfutar da ka bar mini da tsofaffin finafinan samurai, mayaƙan Japan na da, na ce maka shekaruna sun wuce kallo? Da na rasa abin da zan kai wa Dogo, sai na ɗauke ta bayan la'asar, Godiya ta kunna mana.

Na zaci sara da suka zan gani. Sai ga mutane masu kamun kai, suna tuɓe takalmi a ƙofa, suna zama kamar mai tahiya. Takobi na kwance a gefe, ba ya barin kube sai an rasa makawa. Ba na jin yarensu, Dogo ma ba ya ji, don haka babu mai tambaya, babu wanda ake jira ya amsa. Rabona da shi mu zama daidai tun kafin ciwon.

A ɗaya daga cikin finafinan, wasu tsofaffin mayaƙa biyu suka zauna a bakin ɗaki suna kallon ruwan sama yana sauka a kan shinkafa. Sun daɗe ba wanda ya tanka. Can ɗayan ya rusuna, ya tura wa ɗan'uwansa ƙoƙo, ya kau da kai. Na kyautata zaton shayi ne.

Jiya na gwada. Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ƙara, na rusuna har rawanina ya zame, na tura wa Dogo ƙoƙon kunu, na mayar da idona kan fim. Sai na ji dariya daga rabin bakinsa. Ban waiwaya ba. Da ladan ya kira magariba na miƙe, na tarar ƙoƙon babu komai, rigarsa ta ɗan ɓaci, hannunsa na hagu yana riƙe da shi.

Ka aiko mana da wasu, waɗanda maganarsu ba ta da yawa.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare maka addininka, Ya ba maƙwabcinmu lafiya, Ya dawo mana da kai cikin aminci.

Mahaifinka,
Malam Hammadu