Furen da Ba Ya Yin Iri

Zuwa ga mahaifiyata, Mama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗiya ga uwa, ina da labari marar daɗi daga gidanmu na Angwan Iya.

Mama, an share furanninki. Na zo daga Abuja na tarar Yaya Sule ya sa an malale tsakar gida da siminti. Randarki babu, tukwanen da ke gindinta babu. Na tsaya da jaka a hannu, na tambaye shi ina furannin. Ya ce ai fure ne, sai a sayo iri.

Na yarda, har sai da na bincika. Ashe abin da kike kira Mai Kunya shi ne bayolet ɗin Parma, wani gari a Italiya, ko da yake masana ba su daidaita kan asalinsa ba. Wasu na ganin daga gabas ya je can. Akwai fari, akwai mai duhu, akwai irin naki mai launin bula. Kuma da ƙyar yake yin iri, domin sassan da za su haifar da irin sun koma ninkin fure. Sai dai a ɓalli jiki a dasa. Wato wanda ƙawarki ta ba ki a Jos, shi ne dai kika raya har rasuwarki, kuma shi aka kwashe da shara.

Kina zuba masa ruwan randa safe da yamma, kina ja masa inuwa idan zafin Keffi ya tsananta. In na ce ƙamshin ya ɓace, sai ki ce, "Kunya yake ji, ki ɗan juya baya zai dawo."

Jiya Inna Hajjo, mai kawo miki nono daga Gitata, ta zo ta'aziyya. Ta ga simintin, ta dafe ƙirji. Sannan ta tuna mini kin taɓa ɓallar mata a gwangwanin madara. Yana nan gindin tulunta, ya yi yaushi, amma da rai.

Gobe da sassafe zan tafi Gitata in ɓallo, Mama. In ya kama, duk matar da ta yaba sai na ɓallar mata, kamar yadda kike yi.

Allah Ya jiƙanki, Ya sanyaya makwancinki kamar yadda kika sanyaya gindin randar nan. Amin.

Taki,
Binta