Garkuwar da na sa Illa ya janye

Tanut, daren Lahadi

Ƙanena Illa ya sha ƙasa a filin dambe yau, kuma ni na jawo masa. Sati biyu ina nuna masa damben Turawa a waya, ina cewa ya daina miƙa hannun garkuwa, wanda yake tare naushi da shi, gaba, ya manna shi a kunci kamar su. Ya bi, don ni ne mai karatun gidan. Abokin karawarsa, mutumin Tarka, ya ga ba abin da zai tare shi, ya matso, naushi ɗaya.

Ina gasa masa muƙamuƙi, na kasa haɗa ido da shi, sai ya ce, "Yaya, su fa safar hannu gare su."

Ashe tun ranar farko ya lura. Nauyina ne ya hana shi faɗa.