Shafi na Tamanin da Uku

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Mamanka na gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Kada ka yi mamakin ganin rubutuna bayan shekara shida. Ƙanwarka ce ta ajiye mini littafin da ka rubuta a kan teburin shago, kusa da injin yanka makulli, ta fice. Kwana uku ina ɗora kofin shayi a kansa. Ran na huɗu aka ɗauke wuta, na buɗe don rage zaman banza.

To, ka kama ni. Ni da na tara irin waɗannan littattafan a tsakar gida na cinna musu ashana, na ce koyon sata kake yi, ga ni na bar mutum tsaye da kwaɗo a hannu sai da na kai ƙarshen babi. Wannan ɗan sandan naka na cikin labarin, da aka kora daga aiki, ya shiga raina. Ba shi da daɗin baki, takalminsa ya cinye, an lakaɗa masa duka sau biyu, ya tashi ya karkaɗe riga ya koma kan tambayar da aka hana shi. Kuma ba ka jan zance. Kowace jimla kamar makullin da aka yanka daidai, babu haƙori ko ɗaya na banza. Da attajirin nan ya ce ya buɗe masa ɗakin matacciyar, shi kuma ya ce ba ya taɓa ƙofa sai ya san mai ita, sai da na cire tabarau. Maganata ce wannan, ja'iri! Ashe kana ji.

Amma kada kanka ya kumbura, a shafi na tamanin da uku ka kwafsa. Kwaɗon nan mai harshe biyu a ciki da mutumin naka ya buɗe, ai ba ya buɗuwa da wayar ƙarfe. Shekara talatin ina sana'ar nan, guduma ce kawai maganinsa. Ka gyara tun masu sana'a ba su yi mana dariya ba.

Ka huta lafiya.
Babanka.

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya gajiya? Mu dai alhamdulillahi.

Ka yaga waccan wasiƙar. Jiya na kira tela maƙwabcina da mai wankin nan na tsallake, don in nuna musu kuskurenka. Na ɗauko kwaɗon, tela na karanta shafin, ni ina yi. Waya biyu, ɗaya a lanƙwashe, a danne harshen ƙasa, a jira, sannan a murɗa. Ƙas! Ya buɗe a hannuna. Tela ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ce shekara talatin ina kashe kwaɗon mutane a banza. Wallahi ban ji kunya ba. Na bi layin shaguna da kwaɗon a buɗe, duk wanda na gani sai in ce masa dabarar ɗana ce.

Da na faɗa wa Mamanka, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce tun kana ƙarami kake kwasar matattun kwaɗuna daga kwandon shara kana ɓoyewa ƙarƙashin littafi, ni kuwa littafin kaɗai nake gani.

Na gama karatun. Tela ya ji haushi da attajirin bai shiga kurkuku ba, mutumin naka kuma ya koma ɗakinsa shi kaɗai. Na ce masa abin da ya sa na yarda da labarin ke nan, ba a yi mana ƙarya ba. Ya gano gaskiya, kuma bai sayar da ita ba.

Saura tawa gaskiyar. Ranar da na ce in ka zaɓi rubutu kada ka sake tako mini gida, da hannuna na canza kwaɗon ƙofa. Mai harshe biyun na sa, don na tabbata ba za ka iya da shi ba. Mamanka ta ce da ka so, da tuni ka shigo. Ashe ba ƙarfen ne ya tsare ka ba, bakina ne. Na yi kuskure, kuma na yi kewarka.

Na san ba ka buƙatar makullin ƙofar. Duk da haka ka girgiza ambulan ɗin, yau da safe na yanka shi.

Allah ya yi maka albarka.
Babanka, mai makulli.