Birgin Cindo Makaho

Wara, 11 ga Mayu, 1992

Zuwa ga ƙanwata Mariya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikoki da duk mutanen Shanga. Yaya ƙafar taki? Mu nan sai godiya.

Kin san Cindo masaƙin birgi, komar nan ta kamun kifi. Shekara arba'in muna zaune gefe da gefe a kasuwar bakin ruwa, masunta suna tsallake nawa su ɗauki nasa. Da idonsa ya tafi, Allah Ya yafe mini, na ce to, lokacina ya zo. Ina! Makaho ya ci gaba da saƙa da lalube, kuma har gobe nasa ake nema.

Tun rasuwar matarsa, ɗan wansa Arzika ya ɗauke shi zuwa gidansa, kowa na sa masa albarka. Yanzu Arzika ke kawo kayan kasuwa. In aka tambayi tsohon, sai ya ce jiki ne, ba ya son a dame shi. Ko masallaci ba a gan shi ba tun kafin azumi.

Ni kuwa ina lura. Birgi ɗaya mako biyu yake ci a hannun mai ido. A wata guda Arzika ya kawo biyar. Wane marar lafiya ne wannan? Ranar kasuwar da ta wuce na yi abin kunya, na sayi birgin Cindo ta hannun wani. Na shimfiɗa shi a tsakar gida ina binsa ido-ido, neman aibi nake. Na kuwa samu. Ƙullin nan nasa da na ƙare rayuwata ban iya ba, ya fara saki daga tsakiya, zaren kuma duk ɗigon busasshen jini. Na zaga ta bayan gidan Arzika, na hangi ɗakin tsohon da kwaɗo ta waje.

Mariya, in na kai wa Sarkin Ruwa maganar, garin nan kaf zai ce hassada ce, ina son a rufe mini kasuwar abokin hamayya. Kuma ba ƙarya za su yi mini duka ba. In na yi shiru, ban san ko zai kai damina ba. Ki sa ni a addu'a.

Naki yayanki,
Ɗangana

Wara, 24 ga Mayu, 1992

Zuwa ga ƙanwata Mariya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso ta hannun mai kwalekwale, na gode da daddawa.

Na je wurin Sarkin Ruwa. Kamar yadda na faɗa miki, kafin in rufe baki dattawan zauren sun fara murmushi. Aka kira Arzika, ya rantse, ya tuna wa jama'a ko gaisuwar makanta ban je wa baffansa ba. Gaskiya ya faɗa. Na amsa laifina, na ce ina hassadar Cindo tun kafin a datse ruwan nan, amma ban da mahassadi wa zai zauna yana duba ƙullin mutum ɗaya bayan ɗaya? Na baza birgin, na roƙi tsofaffin masunta su shafa. Wanda ya shafa sai ya daina dariya.

Sarkin Ruwa ya sanar da hakimi, aka haɗa mu da dogari, aka buɗe ɗakin. Ba zan zayyana miki ba. Ya rame kamar kara, yatsunsa sun tsattsage, ashe ba a miƙa masa tuwo sai ya cika awon saƙar da aka yanka masa. Arzika yana hannun hukuma. Malamin asibiti ya ce yatsun za su warke, amma ba za su ƙara riƙe zare ba.

Da aka tambayi wanda zai riƙe shi, kowa ya dubi ƙasa, hakimi ya dubi wanda ya kawo ƙara.

To ga shi nan a zaurena, hannu a naɗe, yana shan furata, yana cewa daga ƙarar zare yake jin ina ja da gaggawa. Masunta sun cika ƙofata a karon farko a rayuwata. Duk wanda ya ɗauki birgina sai ya tambaya ko Cindo ya shafa. Nakan ce ya shafa. In ban ce ba, ajiyewa suke.

Ki gaida kowa da kowa. Allah Ya sada mu da alheri.

Naki yayanki,
Ɗangana