Layi Ɗaya Daga Baba Sale

Laraba da dare, Gwallameji

Na gaji. Wata uku ke nan da na buɗe wa laburarenmu wiki, shafin da kowane ma'aikaci zai rubuta abin da ya sani, amma ni kaɗai nake ta rubutu. Jibi Baba Sale zai yi ritaya, kuma shi kaɗai ya san inda tsofaffin takardunmu suke. Yau ma na roƙe shi. Ya ce, "'Yata, abin da kowa zai iya gogewa ai ba rubutu ba ne."

Ɗazu na duba waya, sai ga sunansa a shafin: "Takardun ajami suna kabad na uku. Tagar wurin tana yoyo."

Shekara talatin yana aikin nan, layi ɗaya na samu. Saura kwana biyu.