Algaita a Gindin Tsamiya

Zuwa ga Yaya Bukar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina gajiya, ina sanyin Jos? Yaya Ya Falmata da yara? Da fatan ƙafarka ta yi sauƙi.

Bayan haka, ƙaninka mai rauni yana gurfana gabanka da laifi. Masu tsara wuraren kallon tsuntsaye na jiha sun aiko cewa za su duba lambunka na Maisandari, domin shamuwoyin tsamiyar nan da ka hana kowa jifa. In sun gamsu, lambun zai shiga jerinsu.

Ni kuwa, da ba a taɓa zargina da wulaƙanta baƙo ba, na sa aka share ciyawa, aka turnuƙe wurin da turaren wuta, na ɗauko masu ganga da algaita. Baƙin na saukowa daga mota, na ɗaga hannu cikin ƙasaita, aka busa. Yaya, ko fiffike bai saura a tsamiyar ba.

Shugabarsu ta sauke madubin hangen nesanta, ta ce, "Malam, shiru kawai muka roƙa."

Tsuntsu ɗaya tak suka gani a lambunka, shi ma soyayye ne, a faranti.

Sun ce za su dawo in shamuwoyin sun dawo. Kullum ina gindin tsamiyar, bakina gum, abin da iyalina suka ce ba su taɓa gani ba. Ka yafe mini, ka taya ni addu'a shamuwoyin su huce. A gaida Ya Falmata.

Ƙaninka mai nadama,
Modu