Rifkatu Ta Ceto Jadawalin Ruwa

Daren Talata, Bunkure

Yau na ga gwaninta. Tsohon faifan ajiyar kwamfutar ƙungiyarmu ya fara ƙara, ga jadawalin rabon ruwan manoma a ciki. Ni kuwa sai bubbuga kwamfutar nake kamar injin ban ruwa. Da na gaji na kai wa Rifkatu mai gyara a Kura.

Ta ce, "Malam Sabo, dukan nan ne ke ƙarasa shi."

Ta kunna manhajar Linux, ta kwafe wurare masu lafiya na faifan tukuna, sannan ta lallaɓa lalatattun. Ta yi musu alama, yadda muke kewaye inda kanwa ta ci a gona.

Jadawalin ya dawo cif. Gobe ba rigima a bakin kanal ɗin ban ruwa. Ni kuma na tuba da dukan kwamfuta.